Tarkunan Baƙin Dutse

A ƙauyenmu, Andranobe, mutum zai zagi ubanka da safe a sasanta ku kafin rana ta faɗi. Amma in aka ce ka ɗaga tarkon wani a teku, wannan suna ba ya wankuwa, har 'ya'yanka sai sun gaje shi. Wannan sunan wani masunci, Lahimaro, ya liƙa wa yayana Retovo a tsakiyar kakar orana, shekarar da aurena ya mutu na dawo gidanmu.

Orana, uwar jatan landen nan mai sulke da ƙaya, ita ke ciyar da ƙauyen duka, ko da yake ba kasafai take shiga tukunyarmu ba. Maza su kafa tarko su kamo, mai sikeli ya auna a bakin ruwa, mota ta kwashe zuwa birnin Tolanaro. Mu mata namu shi ne koto, abincin da ake sa wa tarko. In ruwa ya janye sai mu bi duwatsu da guntun ƙarfe muna ɓamɓaro kumba, 'yan halittun nan masu ɓawo da ke manne da dutse, mu farfasa, maza su cusa a tarko.

A wannan kakar sai maza suka fara jawo tarkuna wayam. An cinye koto, murfi a kwance ko an yi masa ɗaurin gaggawa, orana ko ɗaya babu. Wani tarkon ma ɗungurungum ake nemansa a rasa. Kowa ya fara yi wa maƙwabcinsa kallon gefen ido. Retovo kuwa bai daina samu ba, don shi can gefe yake kafa nasa, inda sauran ke ƙyuyar tuƙawa. Rannan da safe igiyarsa ta sarƙe da ta Lahimaro, ya tsaya yana warwarewa, sai ga jirgin Lahimaro ya ɓullo ya same shi da igiyar a hannu.

Aka tara jama'a a gindin tsamiya. Baba Tsimihole, dattijon da ke riƙe da dokar ruwa, ya zauna a kan wani kifaffen jirgi, maza a gabansa, mu mata a baya.

Lahimaro ya miƙe ya ce, "Da idona na gan shi. Igiyata a hannunsa, gorar da ke nuna tarkona a cikin jirginsa. Kowa na kukan babu, shi kaɗai yake zuwa wurin mai sikeli da buhu. Shi ne ɗan gatan teku?"

Retovo ya ce, "Sarƙewa suka yi. Da na yanke taka na wuce, da yau ba ka da tarko, ni kuma ba ni da magana."

Maganar ba ta shiga kunnen kowa ba. Mutanen da yunwa ta fara leƙa musu ɗaki suna son su san wanda za su tsana, ga shi kuma an miƙo musu. Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sannan Baba Tsimihole ya yi gyaran murya.

"Retovo, ka yanka sa, ka roƙi gafarar jama'a, a zuba jinin a bakin ruwa, magana ta mutu. In ka ƙi, ba kai ba kafa tarko a ruwan ƙauye, daga bakin kogi har tsibirin tsuntsaye. Kuma kada ɗa namiji ya sa ƙafa a jirginka."

Yayana mutum ne mai sanyin magana, ko a gida sai ka matso kake jin sa. Bai ɗaga murya ba.

"Sa ina da shi, Baba, kowa ya san shi, ja mai farin goshi. Ranar da ka koma ga kakanni ni zan fara jawo shi a yanka maka. Amma ba zan yanka shi in sayi sunan ɓarawo ba."

"Yaro, ka tauna maganarka."

"Na tauna ta tun a jirgi."

Ya karkaɗe wandonsa ya bar wurin. Da yamma Damy, ɗan kawunmu da suke tuƙi tare, ya zo ya ɗauki filafilinsa a bayan ɗaki ya fita, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

Inna ta bi Retovo da roƙo. "Ka yanka san nan. Sa ana sake saye, ƙauye ba a sake saye."

Ya nuna jaririn da ke bayan matarsa ya ce, "Inna, in na yanka, gobe wannan ya fita wasa a kira shi ɗan ɓarawo, me zan ce masa?"

Washegari ya ɗauki adda ya nufi kurmi, na bi shi don in taya shi ɗauka. Vahi muka je nema, kurangar nan mai tauri da ke naɗe bishiyoyi, wadda da ita ake saƙa tarko. Ta bakin kurmi an yanke ta tuntuni, sai mun kutsa ciki inda matsattsaku ke kama ƙafa. Shi yana sara yana ja, ni ina naɗewa. Muka fito da dami a kai, jini na bin ƙaurina.

Bai kai aikin bayan gida ba. A ƙofar gida ya shimfiɗa tabarma, daidai hanyar da kowa ke bi zuwa bakin ruwa. Ya jiƙa vahin a kogi har ta yi laushi, ya kankare, ya tsaga da wuƙa. Masu kauri su ne haƙarƙari, sirara su ne saƙa. Yakan fara da gindi, ya danne da ƙafa, ya lanƙwaso haƙarƙarin sama, sannan ya saƙa baki mai faɗi a waje, matsattse a ciki, yadda in orana ta bi ƙamshin koto ta shiga ba za ta gane hanyar fita ba. Daga nan ya yi ɗan murfi a bisa, ya ɗaure dutse a ciki don ya nutsar da shi. Yana yi yana fito da baki kamar babu abin da ya dame shi.

Masu wucewa suka fara tsokana. Wani ya ce, "Retovo, a randar Inna za ka kafa su?"

Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "A Baƙin Dutse."

Mai tambayar ya haɗiye dariyarsa. Baƙin Dutse yana can kudu, bayan iyakar ruwan ƙauye, inda taguwar ruwa ke dukan dutse har ka ji a ƙirjinka tun daga nesa. Kowa ya san akwai orana a gindinsa kamar ƙasa. Kowa kuma ya san yana cin tarko, in ya samu jirgi ma ba ya ƙi.

Da mutane suka watse na zauna kusa da shi ina miƙa masa tsagaggiyar vahi. Na ce, "Yaya, wa zai riƙe maka jirgi in kana jan igiya?"

"Zan san yadda zan yi."

"Da hannu nawa? In ka saki filafili a can, taguwa ɗaya ta isa."

Ya ci gaba da saƙa, don ya san gaskiya na faɗa.

Na ce, "Ni zan riƙe."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Wannan ba tafkin da kike ɗauko ciyawar tabarma ba ne, Pelasoa. Kuma mace ba ta shiga jirgin teku, ke ma kin sani."

"An ce kada namiji ya shiga jirginka. To ga wadda ba namiji ba."

"Kakanni za su yi fushi."

"Kakannin da suka ga an yi maka ƙazafi suka yi shiru? Su yi fushin mana, ko ma ji muryarsu."

Inna da ke tsince shinkafa a bakin ƙofa ta rufe baki da zane. Ta yi kuka, ta ce na riga na kashe aure ɗaya, yanzu kuma ina so in rufe wa kaina ƙofar na biyu. Na ce mata mijin da zai guje ni don na taimaki ɗan'uwana ya tafi tun yanzu, ya rage min wahala. Ba ta ƙara yi min magana ba. Amma safiyar da za mu fita na tarar da dafaffen rogo a ƙunshe cikin ganyen ayaba, rabon mutum biyu.

Gari ya fara haske muka loda tarkuna. Na ɗaure zanena tamau a ƙugu na hau bayan jirgi. Duk mazan da ke shirin fita suka tsaya cak. Baba Tsimihole ya tako da sandarsa har ruwa na taɓa masa ƙafa.

"'Yata, sauko."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kun hana shi maza, ba ku ba shi abin da iyalinsa za su ci ba."

"In teku ya ci ku, babu mai fita nemanku."

"Dama ba mu sa rai ba, Baba."

Retovo ya tura jirgi ya yi tsalle ya shigo. Taguwar farko ta ɗaga mu ta buga, ruwa ya cika min baki da hanci. Ta biyu ta kusa kifar da mu. Muka wuce.

Tafki daban, teku daban. Kafin mu kai rabin hanya na amayar da rogon Inna duka. Retovo bai ce min sannu ba, sai dai ya riƙa cewa, "Hancin jirgi ya kalli taguwa. Kada ki ba ta haƙarƙari. Ki dube ta ita, kada ki dube ni." Da muka isa gindin Dutsen, ƙarar ruwa ta hana mu jin juna, sai da hannu yake min nuni. Ya cusa kumba a tarko, ya ɗaure murfi, ya sake shi a hankali har igiya ta yi sako-sako, ya jefa gorar roba. Ni ina fama da filafili. Haka muka bi har tarkunan suka ƙare.

Da muka koma washegari, abin tausayi muka tarar. Wasu gorunan babu su. Wasu igiyoyin sun zo da sauƙi, dutse ya gurza su ya tsinke. Tarkunan da suka fito kuwa ruwa ya mirgina su a kan duwatsu ya murƙushe kamar saniya ta taka kwando. Retovo bai zubar da ko ɗaya ba, duk ya loda su a jirgi.

A bakin ruwa mutane na jira. Lahimaro ya leƙa jirgin ya ce, "Ku matso ku ga abin da uwargidan teku ta kamo mana. Itacen girki ne."

Aka yi dariya. Na ɗauki karyayyen tarko na ɗora a kai na ratsa ta tsakiyarsu ina tafiyar amarya. Kuka sai da na shiga ɗaki.

Retovo ya baje gawarwakin tarkunan a ƙofar gida yana juya su, yana duba inda kowanne ya karye. Ya ce, "Tsayi ne ya cuce su. Ruwa ya samu abin kamawa." Muka koma kurmi. Wannan karon ya saƙa su gajeru, masu faɗi, kamar kunkuru ya kwanta. Ya ninka haƙarƙari, ya ɗaure dutse a kowace kusurwa maimakon ɗaya a tsakiya, ya naɗe gindin igiya da tsohuwar robar taya inda dutse ke gurzawa. Suka yi nauyi har sai mu biyu muke ɗaga guda. Kuma ya daina kafawa a fuskar Dutsen. Ya gano wani kwari a bayansa inda ƙarfin ruwa ke raguwa, sai dai shigarsa sai an jira babbar taguwa ta wuce a bi bayanta da sauri. Wannan aikina ne. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya yi kanta.

Ba a dare ɗaya abin ya gyaru ba. Mun sake asarar wasu. Akwai ranar da muka jawo tarko muka tarar da kifin nan mai kamar maciji ya shige ya cinye komai, ya kuma tsaga wa Retovo yatsa. Akwai ranakun da teku ya hana fita sam, muka ci ganyen rogo babu mai. Amma wata safiya ya kama igiya ya ja, na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi. Tun kafin tarkon ya fito na ji ƙarar nan tasu, ƙiƙi-ƙiƙi, kamar ana goga wuƙa a dutse. Ya kifo shi cikin jirgi. Orana ce maƙil, manya, jajaye, suna dukan katako da wutsiya, gashin bakinsu ya fito ta kowace kafa.

Ya zauna yana haki yana kallonsu. Ya ɗaga su ɗai-ɗai yana duba ciki, masu ƙwai ya mayar ruwa, ƙanana ma haka. Sannan ya ce, "Ke, hancin jirgi," don na shagala har mun fara juyawa.

Muka kawo wa Zafy mai sikeli. Ya dubi buhun, ya dubi mazan da ke tsaye, ya sosa ƙeya.

"Pelasoa, ku rufa min asiri. In na auna naku yau, gobe babu mai kawo min."

Na ce, "Sikelin ma an yanke masa hukunci a gindin tsamiya?"

Retovo ya ce, "Bar shi." Muka mayar da buhun jirgi, muka lulluɓe da ciyawar teku mai danshi, muka tuƙa zuwa ƙauyen da ke gaba da mu ta kudu. Matar da ke saye a can ba ta tambaye mu daga ina ba. Ta ɗaga ɗaya ta ga girmanta ta ce gobe ma mu kawo. Daga ranar haka muka riƙa yi: safiya a Dutse, hantsi a wurin matar, mu sha kofi da wainar shinkafa mu huta, da la'asar mu tuƙo gida, lokacin da iska ta tashi jiragen ƙauye duk sun hau tudu.

Sata kuwa ba ta tsaya ba. Na zaci hakan zai wanke yayana, ashe ƙara masa zai yi. Lahimaro ya shiga yawo da sabuwar magana, wai ai da yamma muke bi ta kan tarkunansu in babu kowa, ni ina riƙe jirgi shi yana kwasa. Matan da muke ɓamɓarar kumba tare suka fara matsawa in na zo. Har aka fara raɗe-raɗin za a fasa mana jirgi. Inna ta ce mu riƙa zagayawa ta can waje. Retovo ya ce, "Kafa tarko aka hana ni. Ba a hana ni hanyar gidana ba."

Wata la'asar muna dawowa, iska na kaɗawa zuwa tudu, muka zagayo bayan tsibirin tsuntsaye, inda ba a hangowa daga ƙauye. Sai ga wani farin jirgi mai inji a tsaye a kan tarkunan mutanenmu. Maza uku ne, baƙin fuska, ba na yankinmu ba. Ɗaya na jan igiya, ɗaya na zazzage tarko a buhu, na ukun na zaune a gindin inji yana shan taba.

Na tsayar da filafili. Na ce, "Yaya, mu wuce. Su kwashe har gorunan, mutanen nan su ɗanɗana."

Ya dube su ya ce, "Da sunana suke ci. Tuƙa."

"Ina?"

"Bayansu. Kusa da inji."

Na tuƙa. Da suka hango mu, mai tabar ya nuna ni ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, a garin nan mazan sun ƙare ne?" Mai jan igiya ya saki tarko ya ɗauko adda ya ce mu kama gabanmu. Retovo ya sunkuya. Akwai tarin tsohuwar igiya a ƙasan jirginmu, ta tarkunan da suka lalace. Ya tattaro ta ya watsa a ruwa daidai bayansu, ta baje tana yawo. Su ba su kula ba. Mai inji ya tayar da shi, ya juyo da niyyar ya tayar mana da ruwa ya kifar da mu. Farfela ta haɗiye igiyar. Inji ya yi tari, ya yi gurnani, ya mutu.

Retovo ya ce, "Ja baya, maza-maza."

Na ja mu nesa da addar. Suka duƙufa a kan farfela suna sara suna zagi, amma igiyar ta naɗe tamau, ga taguwa na jijjiga su. Filafili ɗaya gare su, ɗan guntu, ba ya iya da iska. Ruwa ya ɗauke su sannu a hankali ya zagayo da su tsibirin, ya miƙa su bakin ruwan ƙauyenmu. Muna biye da su a gefe. Retovo ya ɗauko katantanwar tekun da kowane jirgi ke ajewa don neman agaji, ya busa, ya sake busawa. Kafin su kai inda taguwa ke fashewa, bakin ruwa ya cika da mutane.

Maza suka shiga ruwa har ƙirji suka kama jirgin. Aka fito da buhunan orana, aka fito da tarkuna, cikinsu har da masu jan ƙyalle, alamar Lahimaro. Hayaniya ta tashi, da ƙyar Baba Tsimihole ya hana a yi musu illa, aka ɗaure su aka aika a kira jami'an tsaro, jandarma.

Mu ba mu tsaya kallo ba. Muka kama jirginmu muna ja tudu mu biyu, kamar kullum. Sai ga hannuwa ta ko'ina, kowa na son ya kama. Retovo ya tsaya ya miƙe.

"Ku bari. An hana."

Suka janye hannu suna kallon ƙasa. Muka ƙarasa ja da kanmu.

Washegari da yamma Baba Tsimihole ya yi sallama a gidanmu, Lahimaro na bayansa kamar an jawo akuya kasuwa. Inna ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwan ƙanzon shinkafa. Retovo na saƙar bakin tarko, ya gaida dattijon da ladabi ya ci gaba da aikinsa.

Baba Tsimihole ya ce, "Ɗana, abin da ya wuce ya wuce. Ka dawo ruwan ƙauye. Damy zai koma jirginka. Ita kuma yarinyar nan ta koma wa kumbarta, dama lalura ce ta sa aka kau da kai."

Retovo ya ce, "Lahimaro ciwon baki yake yi?"

Lahimaro ya yi ta murza hularsa. Can ya ce, "Ido ne ya yaudare ni."

"Idon ne ya riƙa bin gidaje yana cewa ni da ƙanwata muna sata da yamma?"

Retovo ya ja zaren vahi da haƙori ya ɗaure.

"Baba, na gode da tattakin da ka yi. Ruwan ƙauye ku riƙe abinku, tarkunana na yanzu ba na ruwan kwance ba ne. Maganar Pelasoa kuwa, ga ta nan zaune, ba kurma ba ce."

Dattijon ya juyo gare ni, da alama bai so ba. Na durƙusa yadda ya kamata, na ce, "Baba, ranar da na hau kun ce teku zai ci ni. Bai ci ni ba, bai kuma hana mu orana ba. Ni na san ƙofar kwarin nan, na san taguwar da ake jira. In mai ruwan bai kore ni ba, ban ga dalilin sauka ba."

"Gobe sauran mata su ce su ma za su hau."

"To sai su ce, Baba."

Ya dube ni ya dubi Inna, ko za ta tsawata min. Inna ta ce, "Ni ma na yi magana tun farko, ba ta ji ba. Yanzu kuma shinkafar da ka ga muna ci, da hannunta a ciki."

Ya shanye ruwan ƙanzonsa, ya dogara sanda ya miƙe. Bai ce na ci gaba ba, bai ce na daina ba. Lahimaro ya bi bayansa.

Da safe muka tarar da Damy a tsaye kusa da jirgi, filafilinsa a kafaɗa, yana haƙa yashi da yatsan ƙafa. Na wuce shi na hau mazaunina na baya. Ya dubi Retovo, Retovo ya nuna ni da haɓa.

Damy ya ce, "Yaya Pelasoa, ko akwai wuri?"

Na ce, "Akwai na mai kwarfe ruwa. Ajiye filafilin, ɗauki ƙwarya ka zauna a tsakiya. In amai ya taso ka juya ta inda iska ke tafiya."

Ya ajiye ya ɗauki ƙwaryar.

Retovo bai sake jefa tarko a ruwan ƙauye ba har ya tsufa, kuma bai sake zama a gindin tsamiya ba ko da an kira taro. Da Lahimaro gaisuwa ce kawai, ita ma daga nesa. A hankali wasu samari suka riƙa zuwa ƙofar gidanmu suna tsugunawa suna kallon yadda ake saƙa gajeren tarko, bai kore su ba. Ni kuwa na yi shekaru a bayan jirgin nan har sai da kafaɗata ta ƙi. Babu macen da ta biyo ni a lokacin, kuma har yau akwai tsofaffin da in sun gamu da ni da sassafe a hanyar ruwa sai su sauya hanya. Ina gaishe su da ƙarfi, da suna, har sai sun amsa.